Lissafin ciyar da mage biyu a gidan Yayata a Tudun Wadan Zariya

Gidan Yayata a Tudun Wada gida ne na mutum bakwai, ita malamar firamare ce, maigidanta Malam ya yi ritaya daga aikin gwamnati yana ɗan taɓa noma ta wajen Giwa, sai yara huɗu da wata ƙanwar mahaifiyarsa da kowa ke ce wa Inna. Sai kuma mage biyu, su ne maganar tamu. Ni nake yi musu cefanen kasuwar Sabon Gari saboda ina da mashin kuma shagona a kan hanya yake, don haka duk abin da zan faɗa na kuɗi ta hannuna ya bi, ba wai na ji an ce ba ne.

Ta farkon 'yar unguwa ce, siririya mai zane-zanen toka, wajajen 2020 ta shigo gidan da ƙafarta wata ranar Lahadi shi ya sa yara suka sa mata Ladi. A sito ta tare inda Malam ke jibge buhunan masara da dawa, kuma tunda ta zo aka daina ganin buhu a huje. Shekara uku tana gidan babu wanda ya taɓa ware ko sisi da sunanta. 'Yan gidan sun ɗauka da tuwo take rayuwa don kullum da daddare ana zuba mata ragowa a murfin tukunya, amma in ka tsaya ka kalla miyar kawai take lashewa ta tsince ɗan ƙashin kifi ta bar tuwon kaji su cinye da safe. Ainihin abincinta ɓera ne da ƙadangare da fara da abin da ta samu a bayan gida. Mage mai nauyin kilo 4 tana buƙatar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, 200 zuwa 250 a rana, ɓera ɗaya kuma wajen kalori 30 yake bayarwa, ka ga sai ta kama bakwai ko takwas ke nan, shi ya sa halittar mage ci kaɗan-kaɗan ne sau da yawa a yini, ba ta zauna ta cika ciki sau ɗaya irin na kare ba.

Ta biyun ita ce ta zo da lissafi. Ƙarshen 2023 babbar 'yar gidan, wadda ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wata ƙawarta 'yar Abuja ta ba ta kyautar 'yar kyanwa fara mai dogon gashi da shafaffen hanci, irin da ake ce wa Fashiyan, watanta huɗu a lokacin. Ta zo da rabin jakar busasshen abincin mage mai suna Whiskas da kwanonta da matajinta. Aka sa mata Gimbiya. Malam har murna ya yi da kyauta ce ba saye ba, don akwai hadisi a Muslim da ya yi hani kan kuɗin mage, duk da malamai da yawa sun halatta cinikin, shi dai ya fi son ya tsaya nesa da saɓani. Babu wanda ya tambayi me za a yi in rabin jakar nan ta ƙare.

Ta ƙare kuwa cikin sati uku. Busasshen abincin nan mage ɗaya tana cin wajen giram 60 a rana, wato kilo 1.8 a wata, kuma duk daga waje ake shigo da shi, da dala. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500, to duk abin da ke cikin leda mai hoton mage da rubutun Turanci bin dalar ya riƙa yi. Ga shi ba kullum ake samu a Zariya ba, yau ka samu a wani kanti ta wajen PZ ko Samaru gobe a ce ya ƙare sai wani iri, in ba a samu ba sai yarinyar ta yi oda daga Kaduna ko Kano a sa a mota ni kuma in je Kwangila in karɓa in sallami direba, kuɗin motar ma kansa wani cefane ne. Tun ana yi daga kuɗin makarantarta har abin ya dawo kan albashin Yaya.

Sai Ladi ta gano kwanon. Masu yin abincin nan suna fesa wa ƙwayoyin kitse da romon nama a jiki don ƙamshi, mage in ta ɗanɗana da wuya ta koma kan murfin tukunya, haka kuwa aka yi, cikin kwanaki Ladi ta daina kallon ragowar dare sam, jakar da ake lissafin za ta yi wata ɗaya ta koma sati biyu. Malam ya tsorata wai za ta daina kamun ɓera tunda ta ƙoshi, amma a nan bai canka daidai ba, ba ta daina ba, sai dai ta kashe ta ajiye a bakin sito ba ta ci. Farauta a wurin mage ba sai da yunwa ba.

Abin da ya fi cin kuɗi kuma ba jakar ba ce, hannuwa ne suka yi yawa. Na sha zama a tsakar gidan ina kallo. A zuba wa Gimbiya abinci, ta zo a hankali ta sunsuna, ta ɗaga ƙafar gaba ɗaya ta girgiza, ta kama tonon siminti a gefen kwanon wai za ta binne shi, sannan ta juya masa baya ta zauna tana kallon uwar ɗakinta kamar amaryar da aka kai wa ɗumamen jiya. Minti biyar ba a yi sai ka ji yarinyar ta ce Umma kin ga ba ta ci ba fa, sai a fasa gwangwanin sadin, wanda a 2024 ya riga ya wuce naira dubu. Ta ci cokali biyu ta tashi. Ragowar in babu wuta ba ya kwana, ko Ladi ta shanye ko a zubar. Inna kuma ta dama madarar gari ta ajiye mata a ƙarƙashin gado, autan gidan in Malam ya kawo tsire ya ɓoye yanka biyu a aljihu ya ba ta. Kowa na ganin shi kaɗai ne ke tausayinta. Ita kuwa abin da ta koya ɗaya ne, in ta kau da kai za a kawo wanda ya fi. Da muka zauna da Yaya muka tattara na wata guda a tsakiyar 2024, jaka da sadin da madara da kuɗin mota, ya doshi 25,000, a lokacin da aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na 70,000 a watan Yuli. Kuma a ƙiyasina kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka saya bai shiga cikin Gimbiya ba.

Ni a ganina ƙin cin mage iri biyu ne kuma gidan sun cakuɗa su. Akwai wanda halitta ce, ba iyayi ba. Mage maciyar nama ce zalla, akwai wani sinadari da ake ce wa taurin da jikinta ba ya iya haɗa isasshe sai ta samu a nama, in ta rasa shi a hankali ido ya lalace zuciya ta saki, a 1987 likitocin dabbobi a Kalifoniya ta Amurka suka tabbatar da alaƙarsa da ciwon zuciyar mage har kamfanoni suka ƙara shi a abincinsu. Harshenta kuma ba ya jin zaƙi ko kaɗan, an gano haka a ƙwayar halittarta a 2005. To wadda ba ta jin zaƙi kuma cikinta na nama ne, in ta ƙi shinkafa da tuwo ba raini ba ne. Da hanci take ci kafin baki, abin da ya kwana ya canza wari ba za ta taɓa ba, wanda aka ciro daga firij da sanyinsa ma haka, ta fi son mai ɗumi daidai ɗumin jiki. Kuma abin da 'yar kyanwa ta saba da shi a watanninta na farko shi take ɗauka abinci, Gimbiya ba ta taɓa ganin nama da ƙashi ba kafin ta zo Zariya. Wannan duk ba laifin kowa ba ne. Ɗayan kuma, na jiran a fasa gwangwani, wannan 'yan gida ne suka koya mata, kuma a nan kuɗin ke zurarewa.

Watan Agustan 2024 aka yi karon. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta fara ranar 1 ga wata, ranar 5 gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, jakar Gimbiya kuma ta ƙare daidai lokacin, ba kanti ba mota. Malam dama ya gaji, ya ce to madalla, a bar ta, yunwa ce maganinta, shi bai taɓa jin magen da ta mutu da abinci a gabanta ba. Ya hana sadin. Aka ajiye mata tuwo da miyar kuka, aka canza shinkafa da manja, ko kallo. Ladi ta koma sito abinta ba ruwanta. Inna ta ci gaba da madararta a ɓoye, ita kuma mage in ta girma yawanci cikinta ba ya narkar da madara, sai ga gudawa a kan rashin ci. Kwana uku Gimbiya na kwance bayan kujera, gashin ya yi yamutsa-yamutsa, in ka ɗaga fatar wuyanta sai ta tsaya a tsaye ba ta komawa da sauri, alamar ruwan jiki ya yi ƙasa.

Da aka sassauta dokar muka sa ta a kwali muka huda shi, yarinyar ta riƙe a bayan mashin har asibitin koyarwa na dabbobi da ke cikin jami'a a Samaru. Likitan da ya duba ta ya fara buɗe bakinta ya kalli dasashi da farin ido ko sun yi ruwan ɗorawa, ya tambayi kwana nawa rabonta da ci. Da aka ce uku ya kalle ni ya ce Malam kare za ka iya yi wa wannan horon, mage ba a yi mata. Bayanin da ya yi shi ne in mage ta daina ci jikinta na kwaso kitse ya tura hanta, hantar tata kuma ba ta iya sarrafa shi da yawa, sai kitsen ya cushe ta, daga nan shawara da amai, kuma mai ƙiba ta fi shiga haɗari, kwana biyu zuwa uku ba ci ya isa a kawo ta asibiti. Allah ya sa tata ba ta kai can ba. Aka yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, aka ba da magani, aka nuna wa yarinyar yadda za ta riƙa ɗura mata niƙaƙƙen nama da sirinji ta gefen baki kaɗan-kaɗan. Abin da aka kashe ranar da kati da magani da mai ya fi kuɗin jakar da ake gudu.

Amma a nan aka samu tsarin da ya gyara lissafin. Yarinyar ta ce Dakta to yanzu dole sai abincin waje ke nan har abada, ya ce a'a ƙanwata, sai dai canjin a hankali ake yi. A sayo ƙaramar jaka ɗaya, a fara da kashi uku na tsohon abinci kashi ɗaya na sabo, bayan kwana biyu-uku a koma rabi da rabi, a haka har a juye, yawanci kwana 7 zuwa 10, mai taurin kai kuma ta fi haka. Gimbiya sai da ta haura wata guda, da farko ma romo kawai ake yayyafawa a kan ƙwayoyin. Sannan mutum ɗaya ne zai riƙa ba ta, sau uku a rana, a ajiye minti 20 zuwa 30 in ba ta ci ba a ɗauke, ba a fasa komai, sai lokaci na gaba. Bambancinsa da horon Malam shi ne abin da ke cikin kwanon abin da mage ke iya ci ne, kuma ana lura in ta yini ta kwana ba ta taɓa komai ba a koma baya mataki ɗaya. Wahalar ba a kan magen take ba, a kan Inna take. Sai da Yaya ta durƙusa ta ce Inna don Allah ki yi haƙuri da madarar nan, ita ce ke sa ta zawo, Inna ta ce yo mu da muka taso muna ba mage nono a ƙoƙo ba mu ga ta mutu ba. Gaskiyarta ta wani ɓangaren, kindirmo da nono mai tsami sun fi madarar gari sauƙi a cikin mage tunda sun riga sun yi tsami, sai aka sasanta a kan cokali ɗaya na kindirmo jefi-jefi, ita ma ta samu abin da za ta riƙa bayarwa.

Cefanen ya dawo kaina. Wajen masu gyaran kaji a kasuwar Sabon Gari nake karɓar ƙundu da zuciya da wuya, wajen mahauta zuciyar sa da huhu da ɗan tarkacen nama, wajen masu kifin ƙanƙara kuma kawuna da gutsattsarin da ke ragewa in sun yanka. Zuciya da ƙundu su ne kan gaba don suna da sinadarin taurin ɗin nan sosai, kuma in an dafa ba a zubar da romon saboda sinadarin na fita cikin ruwa. Hanta kaɗan, wajen kashi 5 cikin 100 na abincin, in ta yi yawa bitamin A na taruwa ya ƙage wa mage ƙashin wuya, ga shi kuma suna son ta, mage in ka saba mata da hanta ka sake ɗaure kanka. Kifi sau biyu a sati kuma dafaffe, don ɗanyen kifi irin su shawa na da wani abu da ke lalata bitamin B1, sannan a zauna a cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, dafaffen ƙashin kaza ma ba a bayarwa don tsagewa yake. Nama zalla kuma ba shi da sinadarin gina ƙashi, sai ana wanke ɓawon ƙwai a shanya a daka ya yi laushi a barbaɗa wajen rabin ƙaramin cokali a rabin kilon nama. Mage ɗaya na cin giram 120 zuwa 150 na dafaffen nama a rana, wajen kilo 4 a wata ke nan, Ladi rabin haka ake ba ta tunda tana da sito.

Wani abu da na lura da shi a kasuwar, da can irin wannan tarkacen in kai kwastoma ne gyara ake zuba maka ko ma a ce ɗauka. Yanzu kasawa ake yi kashi-kashi da kuɗi, don masu farfesu na so, masu karnuka na so, ga magidanta da kan kifi da ƙafar kaza su ne naman miyarsu. Wani mai kaji da na ce masa na mage ne sai da ya ajiye wuƙa ya kalle ni ya ce Alhaji mage fa ka ce. Tun daga nan na daina faɗa.

Kuma dole tukunyarta daban, ba a ɗiba daga ta gida, saboda albasa da tafarnuwa na fasa wa mage ƙwayoyin jini, gishiri da magi da yaji ma ba nata ba ne, wato tsiren da auta ke ɓoye mata da sauran miyar da Ladi ta shekara tana lasa duk ba alheri ba ne. Tukunya daban na nufin wuta daban, gas kuma kilo ya wuce naira dubu a 2024, sai aka koma kurfoti da gawayi, a dafa na sati guda a ƙulla a leda ƙulli-ƙulli a sa a firiza. Tsarin ya tafi lafiya har ƙarshen Oktoba da aka yi ɗauke wutar nan da ta shafi kusan duk Arewa sama da mako guda, na sati biyu da aka tara ya narke ya yi wari aka zubar. Daga nan aka koma sayen na kwana biyu-biyu, ana kuma ajiye ƙaramar jakar busasshe ɗaya a rufe a bokiti mai murfi don ranar da ta ɓaci, ana ba ta 'yan ƙwayoyi lokaci-lokaci don kada ta manta da shi.

Abinci ke nan, sauran kuma suna zuwa ne ba sallama. Da hunturu ya shigo Gimbiya ta kama mura, atishawa da majina da kwantsa, ta sake ƙin ci, wannan karon ba na gangan ba, hanci ne ya toshe ba ta jin ƙamshin komai. Wata maƙwabciya ta ce a ɓalla mata rabin farasitamol a ruwa, Allah ya sa yarinyar ta riga ta ji daga bakin likita cewa ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe mage don hantarta ba ta iya sarrafa shi. Goge hanci da tsumma mai ɗumi da ɗumama abincin ya ƙara ƙamshi da maganin da aka rubuta a Samaru su suka yi aiki. Da bazara kuma gashin ne matsala, zafin Maris da Afrilu na Zariya ba na mai bargo a jiki ba ne, in aka yi kwana biyu ba a taje ba ya dunƙule a hammata da ƙarƙashin ciki har ya ja fata, sai da aka yi mata aski. Ƙuma ta shiga gidan ta hanyar Ladi, Malam ya ɗauko piya-piya zai yayyafa a shimfiɗarsu aka riƙe hannunsa, mage lasar jikinta take yi duk abin da ya taɓa gashin cikinta zai je, maganin ƙuma na karnuka ma da yawansu na da sinadarin fametirin mai sa mage farfaɗiya. Sai aka sayo na mage takanas. Auta ya kwashi makero a wuya, wanda masu dogon gashin nan kan ɗauka ba tare da an gani ba, aka sayi man shafawa na yaro da na mage. Ga maganin tsutsar ciki duk wata uku, ga rigakafin ciwon haukan kare da ake fara yi tun suna wata uku, wannan kam ba abin wasa ba ne a gidan da yara ke wasa da mage, in mutum ya dace da ranar 28 ga Satumba da ake gangamin cutar a duniya wasu wuraren kyauta suke yi.

Bahaya ma kuɗi ne. Ladi waje take zuwa ta tona ta binne, Gimbiya kuwa ba ta fita, da yashin kanti na waje ta saba, wanda jakarsa kusan kuɗin abincin ce. An maye shi da yashin gini da aka tankaɗe a haɗa da dusar katako daga wajen 'yan katako, yana yi, sai dai dole a kwashe kullum a wanke tiren, in ba haka ba zarni ya cika ɗaki ita kuma ta koma yi a kan kafet, ruwan wankin kuma a Tudun Wada wajen 'yan garuwa ake saye. An kuma hana Yaya kwasar kashin lokacin da ake zaton tana da juna biyu, don akwai cutar da ke bi ta kashin mage ta taɓa ɗan tayi.

Ladi da ake ganin ba ta cin ko sisi ita ma tana da nata. Cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, uku zuwa biyar kowane karo, kuma mai shayarwa na cin ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba. A unguwa abin da aka saba shi ne a zuba 'ya'yan a buhu a kai bakin kasuwa ko bola a juye, Malam ya ce ba a gidansa ba, yana kawo hadisin Bukhari da Muslim na matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. To sai a riƙe su wata biyu ana ciyarwa ana bin mutane ko akwai mai so. Wani muzuru da aka bari daga haihuwar bara ya girma ya shiga gidan maƙwabta ya kwashe 'yan tsaki shida a dare biyu, Malam ya biya ya ba da haƙuri sannan ya kai shi gona. An ba su shawarar allurar hana ɗaukar ciki, likita ya ce tana jawo ruɓar mahaifa da ƙari a nono in ana maimaitawa, tiyatar cire mahaifa sau ɗaya ta fi, kuɗinta dai a dunƙule yake shi ya sa ake jin nauyinsa, amma in ka haɗa ciyar da haihuwa biyu da kuɗin tsakin mutane ya biya kansa. Malam ya tambayi limamin masallacinsu ya ce masa akwai malaman da suka ga babu laifi in don maslaha ne kuma ba a azabtar da dabbar ba.

Surutu kam an sha. Wata ta ce wa Yaya a gidan suna ku da kuke dafa wa mage kaza mutane na kwana da yunwa. Maganar da zafi amma ba ƙarya ce zalla ba, almajirai na sallama a ƙofar gidan nan kullum, kuma lokacin sadin ni ma abin na damuna, gwangwanin da yaro zai ci burodi da shi a fasa a zubar da rabi. Yanzu dai abin da ake kashewa a mage biyun bai kai rabin na da ba, galibinsa tarkace ne da gawayi da maganin wata uku-uku, kusan ba a zubar da komai, kuma in aka sa buhunan masarar da Ladi ke tsarewa a ɗaya gefen ita kam ta fi ƙarfin abincinta. Gimbiya ce ba ta kawo komai sai gashi a kan kujera, kuma mage irinta na iya shekara 12 zuwa 15, wanda babu wanda ya lissafa ranar da aka karɓi kyauta.

Abin da ke gabansu yanzu shi ne yarinyar ta kusa tafiya bautar ƙasa kuma ba a zuwa sansani da mage. Malam na cewa a mayar wa ƙawar abinta, Yaya na cewa kyauta ba a mayarwa, ƙanwar yarinyar mai bi mata ta fara karɓar dafuwar da tazar amma har yanzu in ita ta ajiye kwanon sai Gimbiya ta yi jinkiri tana leƙen ƙofa, an dai ja wa kowa kunne kada a fasa mata komai. Tiyatar Ladi kuma Malam ya ce sai ya sayar da masara.